Gado, wasiyya da haraji: tambayoyi da amsoshi ga mutanen zangon Kumasi masu dukiya a ƙasashe biyu

Da wuya a sami gida a Aboabo, Asawase, Sawaba ko Tafo Zango wanda ba shi da ɗa ko ɗiya a Landan, Hambog, Biranks ta birnin Niyok ko wani gari na Italiya, kuma mafi yawansu suna aiko da kuɗi ana yi musu gini a nan gida. Akwai kuma waɗanda ke zaune a Kumasi amma gonar kakanni ko gidan gado yana Kano ko Sakkwato. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda irin waɗannan iyalai suka fi yi, yawanci bayan an yi rasuwa, lokacin da gyara ya riga ya yi wuya. Amsoshin bayani ne na gaba ɗaya, kuma adadin haraji yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka kafin mutum ya sa hannu a kowace takarda ya kamata ya zauna da lauyan ƙasar da dukiyar take.

Idan Musulmi ya rasu a Gana bai bar wasiyya a rubuce ba, ai da shari'ar Musulunci za a raba gadonsa, ko ba haka ba?

A cikin gida haka ake yi, amma a gaban kotu ba haka ba ne, kuma wannan shi ne babban abin da mutanen zango da yawa ba su sani ba. Tun shekarar 1985 dokar gado mai lamba 111, wadda gwamnatin mulkin soja ta PNDC ta kafa, ita ce ke aiki a kan dukiyar da mutum ya nema da kansa idan ya rasu ba wasiyya, ko wane addini yake bi. Dokar ce ta soke sashen tsohuwar dokar auren Musulmi da ke cewa a raba gadon wanda ya yi rajistar aurensa bisa shari'a.

Abin da dokar ta tanada shi ne, kayan ɗaki na mata da 'ya'ya ne, haka kuma gida guda ɗaya nasu ne tare. Abin da ya rage sai a kasa shi kashi 16: mata su ɗauki 3, 'ya'ya su ɗauki 9, iyayen mamaci 2, sauran 2 kuma a bi al'adar dangi da su. Idan matan sun fi ɗaya sai su raba kasonsu daidai, kuma ɗa namiji da ɗiya mace rabonsu ɗaya ne.

A ɗauki misalin mutumin da ya bar mata ɗaya, mahaifiya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, abin rabo kuma sidi 240,000. A shari'a matar tana da tumuni (kashi ɗaya cikin takwas), wato 30,000, mahaifiya tana da sudusi (kashi ɗaya cikin shida), wato 40,000, kowane ɗa namiji 68,000, ɗiya mace 34,000. A dokar 1985 kuwa matar za ta sami 45,000, mahaifiya 30,000, kowane ɗa ko ɗiya 45,000, sannan 30,000 su tafi ga dangi bisa al'ada. Muddin dukkan magada sun yarda da rabon da malam ya yi, babu wanda zai tsoma musu baki. Amma ranar da mutum ɗaya daga cikinsu ya ƙi, ya ɗauki lauya, alƙali dokar ƙasa zai buɗe. Saboda haka a Gana rubuta wasiyya ita ce hanyar da Musulmi yake da ita ta tabbatar da cewa an raba dukiyarsa yadda addininsa ya ce.

To ba an ce wasiyya ba ta wuce sulusi ba, kuma babu wasiyya ga magaji?

Haka ne, kuma takardar da ake magana a kanta ba ta saɓa wa wannan ba. Hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas shi ne ya iyakance abin da mutum zai yi wasici da shi ga wanda ba magaji ba zuwa sulusi. Takardar da lauya zai rubuta tana iya cewa a fara biyan kuɗin jana'iza, sai bashi, sai a fitar da abin da bai wuce sulusi ba ga masallaci, makaranta ko wani ɗan'uwa da ba ya gado, sannan a raba sauran bisa ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i.

A ganina ya fi kyau a ambaci mazhabar da za a bi, wadda ga yawancinmu Malikiyya ce, a kuma faɗi wanda zai yi lissafin, ko limami ne ko wani malami da aka amince da shi, da wanda zai maye gurbinsa idan ya riga mai wasiyyar rasuwa. Rubuta adadi ƙayyadadde ga kowane magaji yana da haɗari, domin babu wanda ya san wa zai riga wa, kuma rasuwar uwa ko haihuwar ɗa namiji tana sauya lissafin gaba ɗaya.

Waɗanne sharuɗɗa ne suke sa wasiyya ta inganta a Gana?

Dokar wasiyya ta 1971, mai lamba 360, ta ce dole mai wasiyya ya kai shekara 18, takardar ta kasance a rubuce, ya sa hannu ko ya dangwala a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Kada a sa wanda zai amfana da wasiyyar a cikin shaidun nan biyu, domin hakan na iya jawo masa asarar rabonsa. Idan mai wasiyyar makaho ne ko ba ya karanta harshen da aka rubuta takardar da shi, dole wani ya karanta masa, ya fassara masa, ya kuma rubuta a jikin takardar cewa ya yi hakan kuma mai wasiyyar ya fahimta. Wannan sharaɗi ya shafi dattawanmu da yawa waɗanda suka yi zurfi a karatun Larabci amma ba su yi boko ba. Ana iya ajiye takardar a rufe a Babbar Kotu.

Akwai iyaka guda da ya kamata a sani. Idan wasiyyar ta bar uwa, uba, mata, miji ko ɗan da bai kai shekara 18 ba cikin ƙunci, kotu tana da ikon yanka musu wani abu daga dukiyar idan an kai ƙara cikin shekara uku da tabbatar da wasiyyar, kuma sashe na 22 na tsarin mulkin 1992 ya hana a bar abokin aure hannu rabbana.

Ina da gida a Kumasi da wani a Ingila. Dokar wace ƙasa ce za ta yi aiki, kuma wasiyya ɗaya ta isa?

Ƙa'idar da Gana da Ingila suke bi ita ce, fili da gini suna bin dokar ƙasar da suke, kuɗi da sauran abin da ake iya ɗauka kuma suna bin dokar ƙasar da mamaci ya ɗauka a matsayin mazauninsa na dindindin. Ke nan gado ɗaya yana iya faɗawa ƙarƙashin dokoki biyu.

Wasiyya ɗaya tana iya aiki a ƙasashen biyu, sai dai magada za su jira kotun ƙasa ɗaya ta gama kafin su kai takardun ɗaya ƙasar. Shi ya sa lauyoyi da dama suke ba da shawarar a yi biyu, kowace ta taƙaita ga dukiyar ƙasarta. Abin lura a nan shi ne, kusan kowace wasiyya tana farawa da jimlar da ke soke duk wadda ta gabace ta, saboda haka idan lauyan Landan bai san da ta Kumasi ba, zai iya kashe ta da layi ɗaya ba da gangan ba. Dole kowane lauya ya ga takardar ɗaya. A Ingila kuma sabon aure yana soke tsohuwar wasiyya, sai idan an rubuta ta ne da niyyar wannan auren.

Yaya abin yake ga waɗanda ke Jamus, Italiya ko Faransa?

Tun 17 ga Agusta 2015 ƙasashen Tarayyar Turai, ban da Denmak da Ailan, suna bin ƙa'ida ɗaya: dokar ƙasar da mamaci ya saba zama ita ce ke hukunta gadonsa, sai idan ya rubuta a wasiyyarsa cewa ya zaɓi dokar ƙasar da yake ɗan ƙasarta. Wannan zaɓi yana da amfani ga ɗan Gana, domin waɗannan ƙasashe suna da kason da ba a iya hana 'ya'ya. A Faransa rabin dukiya ne idan ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku idan biyu ne, kashi uku cikin huɗu idan sun kai uku ko fiye, kuma ba a bambanta namiji da mace. A Jamus ɗan da aka rage wa rabo yana iya neman rabin abin da doka za ta ba shi da babu wasiyya. Zaɓen dokar Gana ba ya ɗauke haraji, kuma ba ya hana kotunan can duba ko rabon ya saɓa wa ginshiƙan dokarsu.

Magadan da ke Kumasi su kula da wani abu game da Jamus: can ana gadon bashi kamar yadda ake gadon dukiya. Wanda ba ya so yana da mako shida ya ƙi karɓa a hukumance, ko wata shida idan yana wajen ƙasar.

Na yi gini da sunan ƙanena saboda ba na gida. Akwai matsala?

Akwai, kuma ita ce ta fi kowace raba zumunci a zango. A idon Hukumar Filaye mai gida shi ne wanda sunansa ke kan takarda. Idan mai kuɗin ya rasu, 'ya'yansa da aka haifa a Hambog, waɗanda wataƙila ba su taɓa kwana a gidan ba, su ne za su tabbatar wa kotu cewa kuɗin mahaifinsu ne, alhali shaidarsu ba ta wuce maganar baki ba. Idan kuma ƙanen ne ya fara rasuwa, gidan zai shiga cikin gadonsa, matansa da 'ya'yansa su ce nasu ne, kuma ba lallai su kasance maƙaryata ba, domin abin da suka gani a takarda ke nan.

Wannan ba zargi ba ne ga 'yan'uwa masu riƙon amana, waɗanda su ne suka fi yawa. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma an saukar da ita ne ga mutanen da suka fi mu amana. Gyaran shi ne a mayar da takardun zuwa sunan mai dukiya tun kowa yana raye. A Kumasi, inda yawancin filaye na sarauta ne, wannan yana nufin takardar rabon fili daga sarkin yankin, amincewar ofishin filaye na Asantehene, wato sarkin Asante, sannan rajista a Hukumar Filaye. Idan hakan bai samu nan da nan ba, aƙalla ƙanen ya sa hannu a gaban lauya cewa riƙo yake yi wa yayansa, a kuma adana rasiɗan aiken kuɗi.

Takardar wakilci tana ba wakili ikon sa hannu a madadin mai dukiya yana raye kawai. Da ya rasu ikon ya ƙare, kuma duk cinikin da wakili ya yi da ita bayan haka ana iya rushe shi.

Na karɓi fasfon wata ƙasa. Har yanzu ina iya mallakar fili a Gana?

Gana ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu, kuma wanda aka haifa a waje ɗan Gana ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. Matsalar tana kan waɗanda suka ajiye zama ɗan Gana a hukumance, kamar yadda Jamus ta daɗe tana buƙata kafin ta sauya dokarta a watan Yuni na 2024. Sashe na 266 na tsarin mulki ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili har abada, iyakarsa hayar shekara 50 a lokaci guda.

Shin akwai harajin gado a Gana?

Babu harajin gado irin na Turai. Abin da ake biya shi ne kuɗin kotu, kashi 3 cikin ɗari na darajar dukiyar da aka bayyana, lokacin neman takardar tabbatar da wasiyya ko takardar izinin kula da gado, wadda aka fi sani da LA. Sai an sami ɗaya daga cikinsu banki zai saki kuɗi, kuma da ita ne masu kula da gadon za su mayar da gida zuwa sunan magada. Taɓa dukiyar mamaci kafin samun wannan izini laifi ne, haka ma korar matarsa ko 'ya'yansa daga gidan da suke zaune.

To a Ingila da Amurka fa?

A Ingila harajin gado kashi 40 ne cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 325,000, ana kuma ƙara rangwamen fam 175,000 idan gidan zama ya tafi ga 'ya'ya ko jikoki. Daga 6 ga Afrilu 2025, wanda ya zauna a Birtaniya shekara 10 cikin 20 da suka gabata ana lissafa dukiyarsa ta duk duniya, har da benen da ya gina a Kumasi, kuma wannan yana bin sa na tsawon shekara 3 zuwa 10 bayan ya dawo gida. Idan jimlar dukiyar, har da gidan zama, ta kai fam 600,000 kuma duka ta tafi ga 'ya'ya, harajin zai kama fam 40,000. Abin da ya tafi ga mata ko miji yawanci ba a cire masa haraji, to amma a rabon shari'a matar tumuni kawai take samu, saboda haka sauran kashi bakwai cikin takwas suna fuskantar lissafin haraji nan take. Akwai hanyoyin tsara wasiyya da ke sassauta wannan, kuma tambaya ce da ta cancanci kuɗin lauya.

A Amurka ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin ba ya biyan harajin gado na tarayya sai dukiyarsa ta haura dala miliyan 13.99, a lissafin 2025, don haka bai shafi yawancin mutanenmu ba. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mazaunin Kumasi da ba Ba'amurke ba amma yana da gida ko hannun jari a can, domin nasa rangwamen dala 60,000 ne kacal, harajin kuma yana iya kaiwa kashi 40. Mazaunin Amurka da ya gaji fiye da dala 100,000 daga Gana ba ya biyan haraji a kai, amma dole ya sanar da hukumar haraji a fom mai lamba 3520, kuma tarar rashin sanarwa tana da nauyi. A Jamus kowane ɗa yana da rangwamen yuro 400,000, mata ko miji 500,000. A Italiya kashi 4 ne a kan abin da ya haura yuro miliyan ɗaya ga mata da kowane ɗa.

Ina karɓar kuɗin haya daga gidana na Kumasi ina zaune a waje. Wa zan biya haraji?

Gana ce ta farko, domin gidan a ƙasarta yake. Hukumar haraji ta Gana, wato GRA, tana karɓar harajin haya, wanda ga mazaunin ƙasa kashi 8 ne a gidan zama, kashi 15 a shago ko ofis, ban da kuɗin gini na shekara da majalisar birni ke karɓa da kuɗin ƙasa na filayen sarauta. Bayan haka ƙasar da mutum yake zaune ma tana son ya bayyana kuɗin, tunda Birtaniya da Jamus suna lissafa abin da mazauninsu ya samu ko'ina a duniya, Amurka kuwa tana bin 'yan ƙasarta da masu katin zama ko da sun koma Aboabo da zama. Gana tana da yarjejeniyar kauce wa biyan haraji sau biyu da Birtaniya, Jamus, Faransa da Italiya, amma ba ta da ita da Amurka, ko da yake dokar Amurka da kanta tana rage abin da aka riga aka biya a waje. Ba a samun ragin sai da rasiɗin GRA. Mazaunin Amurka da kuɗinsa a bankunan waje suka haura dala 10,000 a kowane lokaci cikin shekara dole ya bayyana asusun.

Wanda ya dawo gida kuma ya sani cewa kwana 183 a Gana cikin wata 12 suna mayar da shi mazauni a idon dokar haraji ta 2015.

Auren da aka ɗaura a masallaci yana ba mace haƙƙin gado a waje?

Ya danganta da inda aka ɗaura shi. Auren da ya inganta a dokar Gana yawanci ana karɓarsa a waje, shi ya sa takardar rajistar aure take da daraja fiye da yadda ake ɗauka. Wanda aka ɗaura a Ingila a gida ko a masallaci ba tare da cika sharuɗɗan rajista ba, kotun ɗaukaka ƙara ta can ta tabbatar a 2020 cewa doka ba ta ɗauke shi aure ba, ke nan matar ba ta da gado kai tsaye kuma ba ta da rangwamen haraji. Mai mata a Kumasi da wata a Turai ya fi kowa buƙatar wasiyya da ta ambaci kowace da sunanta.

Wanda na rubuta a banki a matsayin makusancina shi ne zai ɗauki kuɗin?

A'a. Babban Bankin Gana ya sha bayyana cewa sunan da aka rubuta a wannan gurbi na wanda za a tuntuɓa ne kawai, kuɗin kuwa na magada ne, haka ma abin da ke cikin asusun waya. Fanshon SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata ta Gana, daban yake, domin can ana bin sunayen da ma'aikaci ya rubuta, saboda haka a sabunta su bayan kowane aure ko haihuwa.

Gonarmu ta gado tana Najeriya. Me ya kamata mu yi daga nan?

A jihohin Arewa kotunan shari'a suna raba gadon Musulmi bisa fiƙihun Malikiyya, don haka matsalar dokar 1985 ba ta taso ba. Abin da ke wahalar da 'yan Kumasi shi ne tabbatar da nasaba da iyakar gona bayan dattawan da suka san tarihin sun ƙare. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, kuma sayar da filin da ke da takardar mallaka yana buƙatar amincewarsa. Idan an yi rabo, a karɓi kwafin hukuncin kotu da sunan kowane magaji da ke Gana a ciki.

In raba dukiyata tun ina raye ba zai fi sauƙi ba?

Yana iya zama mafita, da sharaɗin kyautar ta tabbata. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali, in ba haka ba ta koma cikin gado, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya a kyauta. A Gana sai an sauya sunan da ke kan takardar fili, kuma dokar filaye ta 2020 ta buƙaci rubutacciyar amincewar mata ko miji kafin a rabu da filin da aka saya a cikin zaman aure. A Birtaniya kyautar tana fita daga lissafin haraji ne idan mai bayarwa ya rayu shekara 7 bayanta, kuma idan ya ci gaba da zama a gidan ba ya biyan haya, hukuma tana ɗaukarsa kamar bai bayar ba.